Sawu a Tokar Mai Guga

Kafin Mai Sawu ya iso zauren teloli, duk mai ƙafa a layin ya riga ya taka wurin. Wannan ne ya fara ɓata masa rai. An aika masa cewa an ɗauke akwatin ƙarfen ƙungiya, ya baro shayinsa da zafi, ya zo ya tarar da jama'a cunkushe a ƙofar baya, kowa na nuna ƙasa da yatsa alhali yana tsaye a kan abin da yake nunawa.

"Ku ja da baya, don girman Allah," in ji shi. "In kun san rawa za ku yi a wurin, me ya sa kuka kira ni?"

Aka dare masa. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin gadin daji, yana bin sawun masu sare itace da ɓarayin dabbobi. Tun da ya ajiye aiki, duk shagon da aka fasa a yankin shi ake fara nema. Ba ya karɓar ko sisi, amma faɗan da za ka sha a wurinsa ya isa lada.

Zauren dogo ne, kekunan ɗinki jere a gefe biyu, teburin yanka a tsakiya, sai ɗan ofis da aka kewaye da katako a kusurwa. Teloli maza da mata ne suka haɗa hannu suka kama hayarsa. Da yake a ƙarshen mako aiki ke yi musu yawa, a tsakiyar mako suke hutu, ranar da sauran gari ke bakin aiki. Jiya ke nan. Yau da safe aka buɗe ofis, kwaɗo lafiya lau, akwati kuwa ko sama ko ƙasa.

Da ma kuɗi ne a ciki, da da sauƙi. Takardun mutane ne: kwafin katin shaidar kowane ɗan ƙungiya, hotuna, da takardun banki masu sa hannu, waɗanda aka tara don neman babban injin yin ado a wuyan riga. Har da katin Ma'ajin ƙungiyar na ainihi, da ta ajiye a ciki bayan banki sun gani.

Shugaban ƙungiyar, wani mai tumbi da tef ɗin awo rataye a wuya, wanda ba ya magana sai ya gyara murya, ya jawo shi gefe. A gindin bango aka kife wani baho. Nan ne mai guga ke zubar da tokar dutsen gugarsa kowace yamma, ya yayyafa mata ruwa don kada ta tashi.

"Wannan dai mun tsare maka shi," in ji Shugaba, ya ɗaga bahon.

Sawu ɗaya ne tak, ƙafar dama, a kwance cikin toka kamar an buga hatimi. Silifas ne na mata, an yi masa faci da robar taya a dunduniya, ɗinkin facin ya fito raɗau. Mai Sawu bai buƙaci ya durƙusa ba. Duk zauren an san silifas ɗin, shi kuwa shi ya kai shi wurin mai gyara da hannunsa. Na Ma'aji ne, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya.

"Mun kira ka ne don kada a ce ba mu yi adalci ba," in ji Shugaba. "Makullin ofis da na ƙofar baya a hannunta suke. Ga sawu. Gani ya kori ji."

"Takalmi ka gani," in ji Mai Sawu. "Tafiya fa, ka gan ta? Sawu ɗaya ba ya ba da labari. Sauran da za su yi magana kun bi kun tattake su da manyan ƙafafunku."

*

Ya sami Ma'aji zaune a bakin kekenta, ba ta taka shi, ba ta kuka. Autarsa ce ke kukan, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta koyi ɗinki a hannun gwaggon tata har ta zama gwana, kekenta na jikin nata. Ta miƙe ta ba shi kujera, ta koma ta riƙe kafaɗar Ma'aji.

"An ce da kika ga babu akwati, ba ki gaya wa kowa ba, kika fice," in ji shi. "Ina kika je?"

"Banki, Yaya. Tun jiya da rana wayata ta ɗauke, ba kira ba saƙo, na zaci matsalar kamfani ce. Ina ganin babu akwatin nan gabana ya faɗi. Katina na ciki. Duk wanda ya karɓi layina da katina, shi ne ni a wurin banki. Na ce in na tsaya surutu a nan, kafin a gama salati an kwashe asusun ƙungiya."

"Kin samu?"

"Na samu. Na sa sun rufe shi. Ba mai cirewa, ba mai canza lamba, sai mun je ni da Shugaba ƙafa da ƙafa. Ma'aikacin ya ce an riga an fara ƙoƙarin shiga asusun ta waya tun jiya."

Ta juya ga sauran telolin da suka yi cirko-cirko. Ta ce kowa ya je ya kai rahoton ɓatan takardunsa a ba shi shaida, kowa ya kira bankinsa, kowa ya canza lambar sirrinsa yau ba gobe ba, kuma duk wanda wayarsa ta ɗauke kada ya kwana bai je kamfani ba.

"Ikon Allah," in ji wata tela da ake kira Almakashi saboda bakinta. "Kura ce yau ke koya mana yadda ake ɗaure akuya. Kin rufe asusu ne don kada a ga abin da kika yi a ciki."

Wasu suka yi dariya. Mai Sawu ya ji jininsa na tafasa. Shekara da shekaru matar nan tana riƙe musu dukiya, ba a taɓa neman ko allura an rasa ba. Ta yi gudu da ciwon gwiwa ta tsare musu abin da suka tara, ga sakayyar. Kuma duk cikinsu babu wanda bai san cewa silifas ɗin a ƙarƙashin keke yake kwana ba. Tela ba ya taka keke da takalmi. Da safe kowa ya tuɓe nasa ya ajiye, in fita ta kama shi zuwa famfo sai ya zura duk silifas ɗin da ƙafarsa ta fara samu. Ya faɗa musu haka.

"Jini ai ba ya ƙarya," in ji Almakashi. "Me za ka ce da ma?"

Shugaba ya gyara murya ya yanke hukunci: ranar hutu mai zuwa za a yi taro. In ba a samu wani ba, za a cire ta daga ƙungiya a miƙa ta ga hukuma.

*

Mai Sawu ya fara da mai gadi. Dattijo ne mai tsoron a kore shi, yana ganin Mai Sawu ya hau rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Wannan yawan rantsuwar ne ya sa aka matsa masa, da aka matsa kuwa sai ya fashe. Ya bar bakin ƙofa jiya da hantsi, ya kai matarsa asibiti, bai dawo ba sai bayan azahar.

"Wa ya san za ka tafi?"

"Kowa, wallahi. Shekaranjiya na bi keke-keke ina neman taimakon kuɗin mota."

Mai Sawu ya tafi asibitin don kansa, ya ga matar a kwance, ya ga mai sharar da ta tuna da tsohon saboda ya zauna mata a kan bokiti. Ya dawo da haushin ya ɓata rabin yini a kan talaka.

Daga nan sai shagon mai kwafi, inda aka buga takardun tun farko. Yana shiga idonsa ya sauka a kan wani kwali a bakin ƙofa, cike da takardun da suka fito da duhu ko a karkace. Ya ɗaga ta sama, sai ga fuskar Almakashi tana hararar sa, lambar katinta a ƙasa, ana karantawa sarai.

"Wannan fa?"

"Lalatattu ne, Baba. Mai sayar da ƙusa ke zuwa ya kwasa yana ƙunshi da su."

"Ƙunshi? Da sunayen mutane? Kai, ka san abin da ka ajiye a bakin titi kuwa?"

Ya tsaya a kansa sai da ya yayyaga su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba musu ruwa a bokiti suka zama dusa. Ya so ƙwarai a ce wannan sakaran ne ɓarawon. Amma mai kwafi ba shi da makulli, kuma ƙafarsa ta kusa biyun silifas ɗin. Wauta ce kawai ke damunsa.

*

Kafin a kwana biyu, wayoyin zauren suka fara kuka. Kamfanonin ba da rance ta waya ne, suna tuna wa mutane ranar biyan abin da ba su taɓa karɓa ba. Waɗanda suka ji maganar Ma'aji a ɓoye suka kai rahoto tun ranar farko, sai suka nuna shaidarsu aka ƙyale su. Waɗanda suka yi mata dariya su ne suka fi kowa ihu, kuma ihun a kanta ya ƙare. Mafi nauyin rancen da sunanta aka ci shi, amma Almakashi ta ce wannan ai dabara ce, don a tausaya mata.

Masu kawo ɗinki suka fara zuwa suna karɓe yadinsu daga kan kekenta. Wata ma da suka yi shekaru tare ta aiko a karɓar mata, ba ta iya zuwa da kanta ba.

A babban ofishin kamfanin waya aka mayar wa Ma'aji layinta, aka kuma gaya musu rumfar wakilin da aka sauya shi. Mai Sawu ya je shi kaɗai. Wakilin na zaune ƙarƙashin lema, kunne toshe da waya, sai da aka buga tebur ya ɗago.

"Mai layin ce ta zo da kanta," in ji shi. "Ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Ta ba ni katinta na ainihi, ba kwafi ba."

"Ka dube ta?"

"Na dubi hoto, na dubi fuska, duk ɗaya. Me kuma zan duba? Haƙora?"

"Ba ka yi mata wata tambaya ba?"

"Ta san sunan uwa, ta san ranar haihuwa, ta san lambobin da aka fi kira. Baba, mata nawa nake gani a rana? Ni dai na bi ƙa'ida."

Mai Sawu ya bar wurin. Silifas nata, makulli nata, fuska tata. A karon farko wani abu mai ɗaci ya ɗarsu a zuciyarsa, kuma da yake ba mutum ne mai iya ɓoye abu ba, ya wuce gidan ƙanwarsa kai tsaye. Ya same ta tana ninke wanki a tsakar gida.

"Ke, dube ni. In akwai abin da ya kamata in sani, gaya mini yanzu."

Ta ajiye rigar da ke hannunta a hankali.

"Har da kai, Yaya?"

Ta ci gaba da ninke wankinta. Ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya juya ya fita ba sallama. Haushin kansa ya fi na kowa yawa a ranar.

*

Da sassafe ya koma bayan zaure, ya tarar da mai guga yana hura gawayi. Ba wanda ya tambaye shi komai tun da aka fara, don ba ɗan ƙungiya ba ne, ɗan wuri kawai aka ba shi.

"Ni abin da ya dame ni," in ji mai guga, "babban zanen da nake ɗaure kaya da shi. A kan igiyar nan na bar shi. Na yi cigiya, an ce ana maganar akwati ina maganar tsumma."

Mai Sawu ya hau lissafi. Makullin akwatin kansa a wurin Shugaba yake, ke nan wanda ya ɗauka bai iya buɗe shi a ofis ba, sai da ya fita da shi. Ya naɗe shi a zane don ya yi kama da ƙunshin wanki. Mai ɗauke da irin wannan nauyi ba zai bi babban titi ba, kuma ba zai yi nisa ba.

Ya bar inda jama'a suka tattake, ya shiga wani matsattsen lungu tsakanin bangon zauren da na ma'ajiyar katako, inda ba mai bi saboda wari. Wani bututu na ɗiga a can, ya jiƙa ƙasar ta zama laka, rana ta zo ta busar da gefenta. A nan ya sami sawun. Jeri guda mai tafiya, ya nutse saboda nauyi, jeri guda mai dawowa, sama-sama. A ƙarshen lungun, cikin bakin kwalbati, ga akwatin an fasa shi da dutse, ga zanen mai guga a cukurkuɗe.

Bai ko kalli akwatin ba. Ya durƙusa a kan sawun.

Facin robar taya na nan. Amma ƙafar da ke cikin silifas ɗin ba ta cika shi ba, nauyin duk a gaba ya taru, dunduniyar ta taɓa ƙasa da kyar. Ƙanwarsa tana tafiya ne yatsu a waje, tana jingina a dama saboda gwiwa. Wannan kuwa taku ne gajere, mai sauri, kuma ƙafar hagu na karkatowa ciki a kowane taku, tana ɗan share ƙasa kafin ta tashi.

Ya daɗe a durƙushe. Ya nemi wata fassarar, ya auna da tafin hannu, ya sake aunawa. Ƙarya yake yi wa kansa, ya riga ya sani tun kallon farko. Wannan ƙafar hagun ta autarsa ce, shi ya kai ta wurin likitan ƙashi tana tatata, aka ce a bar ta za ta miƙe, ba ta miƙe ba. Ya bi ta a tsakar gida, ya bi ta a hanyar makaranta. Ko a cikin sawu dubu zai ware ta.

Sai sauran al'amuran suka zo suka zauna a wurinsu. Wa ke riƙe wa Ma'aji jaka, da makullai a ciki, in za su tashi? Wa ya san sunan uwa da ranar haihuwa? Hoton da ke katin kuwa tsoho ne, an ɗauke shi tun ƙanwarsa na budurwa, kuma tun Auta na goye mutane ke cewa ita da gwaggonta kamar an tsaga kara.

Ya tuna yadda take kuka tana riƙe da kafaɗar matar. Baƙin ciki ya zo masa, amma fushi ya riga shi isowa.

*

Ya ba ta dama. Da yamma Auta ta kawo wa uwarta saƙo, ya ce mata ya ga akwatin, ya ga sawu a lungu, kuma gobe ne taro. Ya ce duk wanda ya yi, in ya faɗa da bakinsa kafin goben, da sauran mutunci.

"Allah Ya tona asirinsa, Baba," in ji ta, idonta a kan wayarta.

"Amin," in ji shi.

*

Ranar taro zauren ya cika. An ture teburin yanka gefe. Ga mai gadi a raɓe, ga mai kwafi da aka kira, ga mai guga rungume da zanensa. Ma'aji na zaune ita kaɗai a kan benci, an bar fili tsakaninta da kowa. Shugaba ya gyara murya zai fara karanta hukunci, Mai Sawu ya ɗaga hannu.

"Ku kuka kira ni. Ku bari in gama aikina."

Ya sa mai guga ya juye tokarsa a tsakiyar zaure, ya baje ta da tsintsiya, ya yayyafa ruwa. Ya ajiye silifas ɗin a bakinta. Sannan ya gaya musu abin da ya gani a lungu, dalla-dalla: ƙafa ƙarama, taku gajere, hagu na karkatowa ciki. Ya ce sawun na nan ya kife su da kwanuka, duk mai shakka ya je ya gani.

"Wanda ya shigo ranar nan da takalmi mai ƙara ya zo," in ji shi. "Ya tuɓe shi a bakin keke kamar kullum. Da zai fita baya, ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ta zura silifas mafi kusa. Baƙo ba zai yi haka ba, kuma baƙo ba zai dawo da shi ya ajiye a wurinsa ba. Ɗan zauren nan ne. Kowa zai taka."

Shugaba ya fara, rabin dunduniyarsa a waje, aka yi 'yar dariya. Mai gadi ya bi, mai kwafi ya bi. Almakashi ta taka tana tsaki, yatsunta a miƙe sambal. Ana sharewa ana sake bajewa. Da aka zo kan Ma'aji ta tashi da kyar ta wuce, sawunta ya fito yatsu a waje, dama ta fi nutsewa. Ko makaho ya ga ba shi ne abin da aka kwatanta ba.

Layi ya ƙare, saura mutum ɗaya. Tana tsaye a jikin kekenta, ta riƙe kan keken da hannu biyu.

"Auta," in ji shi. "Zo ki taka."

"Baba, ni ma?"

"Ke ma."

Ba ta motsa ba. Ma'aji ta dubi yayanta, ta dubi yarinyar, ta sake duban yayanta. Ya ga lokacin da ta gane, don fuskarta ta zube gaba ɗaya. Ta miƙe da saurin da gwiwarta ba ta yarda da shi ba, ta shiga tsakiyar tokar da takalminta, ta hau tattakewa.

"Ya isa! Ni ce. Shugaba, rubuta, ni na ɗauka. Ku cire ni, ku kai ni inda za ku kai ni."

"Fita daga tokar nan," in ji Mai Sawu.

"Yaya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na gama rayuwata, ita yanzu ta fara. Ka bar ni da shi."

"Ba zan bari ba. Mako guda tana kallo ana tofa miki yawu. Tana kallo ana kwashe yadi daga kan kekenki. Ta riƙe kafaɗarki tana kuka, katinki na cikin jakarta." Ya juya ga Auta. "Ke, buɗe baki ki yi magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Auta ta sulale ƙasa. Maganar ta fito a gutsure. Wani ne ya koya mata a waya, ya ce kuɗin kamfani ne, ba na kowa ba, in an ga ba mai sunan ya ci ba yafewa ake yi. Shi ya karɓi sauran takardun. Ita shago kawai take so, nata na kanta, ta gaji da zama a inuwar wani. Ba ta san silifas ɗin Gwaggo ta saka ba sai da aka ɗaga baho.

"Silifas ne ba ki sani ba," in ji shi. "Fuskarta fa? Ita ma kuskure kika yi kika saka?"

Almakashi ta buɗe baki, ya juya ya dube ta, ta rufe. Shugaba ya gyara murya, ya sake gyarawa, ya fara wani dogon bayani a kan yadda ɗan Adam ajizi ne, da yadda ƙungiya ba ta taɓa shakkar amanar Ma'aji ba.

"Riƙe abinka," in ji Mai Sawu. "Asusunku na nan ba a taɓa shi ba, kun san wadda ta tsare shi. In kuna da kunya, ku bi gidajen da kuka kai sunanta ku karɓo shi."

Ya juya ga 'yarsa. Takardun mutane na hannun wani har yanzu, kuma ita kaɗai ta san lambarsa da inda suka haɗu. Duk awar da aka ɓata, wani rancen ake ci da sunan wani.

"Tashi. Za mu je ki faɗa wa hukuma da bakinki. Ni zan kai ki."

Ta tashi. Ya wuce gaba, ta bi shi, jama'a suka buɗe musu hanya. Sun kai bakin titi ke nan ya ji ana jan ƙafa a bayansu. Ma'aji ce, mayafi a karkace, toka har idon sawu, tana ɗingishi tana haki. Ya tsaya, yana zaton magana za ta yi masa.

Ta wuce shi kamar ba ta san shi ba. Ta kama hannun Auta ta riƙe gam, ta goge mata fuska da bakin mayafinta.

"Daina kuka," in ji ta. "Duk abin da suka tambaye ki, ki faɗi gaskiya. Ina nan kusa da ke."

Suka ci gaba su biyu. Mai Sawu ya bi su a baya, shi kaɗai.